Kujerar Baya a Hanyar Baure

Mun tashi daga Daura ana idar da sallar asuba, ni da yayana, ranar Talatar da ta wuce. Masu tambayata me ya sa na yi shiru kwana biyu, ga dalilin. Baffanmu, wan mahaifinmu, da ke wani ƙauye gaba da Baure, ya zame a bakin rijiya ƙugunsa ya bugu. Maɗori ya yi nasa, amma ƙafa sai ƙara kumbura take, zazzaɓi kuma ya biyo baya. Likitan da muka yi wa bayani ya ce a kawo shi, amma kada a jijjiga shi a hanya.

Nan gizo ke saƙa. Duk mai bin layin nan ya san motocin hayarmu: tsofaffin ƙananan motocin Jamus masu dogon baya, ga ƙarfi kamar jaki, amma biyu a gaba, huɗu a baya, a but kuma buhu da akuya da duk wanda ya makara. Lafiyayye ma in ya sauka sai ya tsaya neman ƙafarsa. Don haka Yaya ya aro motar amininsa, ita ma ƙirar Jamus, baƙa, babba, ba a daɗe da shigo da ita ba. Wani ya gama yayinsa da ita can Turai kafin ta zo mana.

Yaya ya ce in zauna baya in ɗanɗana wurin da za a kwantar da Baffa. Gaskiya wanda ya yi kujerar nan ya san bayan ɗan Adam. Ba ta da laushin katifar da ke nutsar da mutum, riƙe ka take yi ta ko'ina. Ga wurin miƙe ƙafa, ga iskar sanyi ta na baya daban. Ƙofa na rufuwa duniya ta ɗauke. Ina ganin masu babura suna wucewa, ina ganin bakin mai ƙosai yana motsi, amma ba na jin komai. Ramukan da na sani a hanyar Zango, waɗanda kan sa in kira sunan Allah, yau sai dai in ga mun wuce su.

A Zango muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Man fetur a bakin hanya kuwa ba a magana, motar kuma ba ta wasa da shi. Yaya ya ce jikinta na sarauta ne, cikinta na ƙato.

Mun bar Zango ke nan, gero ya rufe hanya hagu da dama ya fi tsayin mutum, sai wata ƙara ta soma: ƙil, ƙil, ƙil. Yaya ya dubi allon gabansa ya ce, "Ɗaura bel ɗinki."

"Na ɗaura tun daga gida."

"To kujerar dama ce. Ɗauke jakarki, nauyi take ji."

Na ɗauke jakar na aza a cinya. Kujerar ta zama wayam. Ƙarar ba ta daina ba. A allon akwai hoton kujeru, na dama a baya ya yi ja, alamar akwai mutum zaune bai ɗaura bel ba. Yaya ya yi dariya ya ce waya ce ta taɓu, in jawo bel ɗin in maƙala kawai. Na miƙa hannu na jawo. Da tafin hannuna ya sauka a kan kujerar, sai na ji ta da ɗumi, irin ɗumin wurin da mutum ya tashi yanzun nan. Tawa da nake zaune a kai ma ba ta kai ta ba.

Na faɗa wa Yaya. Ya ce ai motocin ƙasashen sanyi suna da abin ɗumama kujera, wataƙila na danna da gwiwa. Na duba maɓallin, a kashe yake. Haka muka shiga Baure, ni da bel ɗaure a kan kujerar da ba kowa, na matsa jikin ƙofa iya matsawa.

Daga Baure muka sauka kwalta muka hau burji, nan motar ta nuna rauninta. Cikinta a ƙasa yake. Inda babur zai wuce a guje, mu sai mun tsaya mun karkace, Yaya yana cije leɓe duk lokacin da ƙasa ta goge ta. Wasu Fulani da shanu suka ja gefe suna kallonmu. Wata dattijuwa a cikinsu, da ƙwaryar nono a ka, ta ɗaga hannu tana gaisuwa. Ba ni take kallo ba, ba Yaya ba. Tagar dama take kallo. Mai yiwuwa inuwarta ta gani a baƙin gilashi, haka na ce wa kaina.

Mun tarar da Baffa ya rame, idanunsa sun faɗa. Mutum ne da ya yi shekaru yana kora shanu da ƙafa daga kasuwa zuwa kasuwa, yau sai da maza huɗu suka ɗauko shi a tabarma. Matarsa, da muke kira Inna, ta rasu shekara uku ke nan, tun lokacin bai cika magana ba. Aka buɗe ƙofar dama za a shigar da shi. Ya leƙa ciki, ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"Ku zagaya da ni ta can."

Yaya ya ce, "Baffa, nan ya fi kusa."

"Na ce ku zagaya. Ku bar mata wurinta."

Ba wanda ya tambaye shi wa. Aka zagaya, aka jingina shi da matasai a hagu, ni na koma gaba.

Wajen azahar, muna hanyar dawowa, hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu kamar magariba. Motar ta kunna fitilunta da kanta. Ruwa na saukowa, waifa mai share gilashi ma ta tashi ba a taɓa ta ba. Na san haka aka ƙera ta, amma a ranar nan da na fi son motar da sai an ce mata yi. A waje bishiyoyi suna kwanciya suna tashi, a ciki shiru, har numfashin Baffa nake ji. Can sai ya fara magana ƙasa-ƙasa, da muryar da ban ji daga bakinsa ba tun ina yarinya. Ya ba da labarin geron bana. Ya yi shiru kamar mai sauraro. Ya ce, "A'a, saniya ta biyun ce ta haihu, jar." Ya sake yin shiru, sannan ya yi 'yar dariya.

Na dubi Yaya. Hannunsa biyu a kan sitiyari, bai ko ɗaga ido ya dubi madubi ba.

Muka zo wani kwari da ruwa ya cika, ja wur, yana gudu. Da safe a bushe muka wuce shi. Komawa ba ta yiwuwa da marar lafiya, tsayawa kuma ruwan ƙaruwa yake. Yaya ya fita ya shiga da ƙafa, ruwan ya kusa gwiwa. Ya dawo sharkaf ya ce irin wannan motar in ta sha ruwa ta gama. Baffa, ido a rufe, ya ce, "Ta ce ka bi ta hagu, akwai tsakuwa." Yaya ya yi bismillah ya bi ta hagu. Na ji tayoyin sun kama wuri mai tauri, motar ta ja a hankali ba ta ko yi tari ba, muka haye. Baffa ya san kwarin nan tun ba a haife mu ba, wannan ma na faɗa wa kaina.

Da muka hau kwalta barci ya ɗauke shi. Sau uku ina juyawa in ga ko ƙirjinsa yana motsi. La'asar ta yi mana a asibiti a Daura. Likita ya ce ƙashin ya tsage ne, zazzaɓin kuma ya yi tsanani, irin wanda ke sa mutum ganin abin da babu. Ya ce an kyauta da aka kawo shi haka. Washegari mai gyaran wayar mota ya ce damshi ne ya shiga ƙarƙashin kujerar. Na karɓi maganar su biyun. Na kuma san wanda ya koma ga Allah ba ya dawowa.

Na isa gida na yi wanka na zauna, ƙarar injin niƙan maƙwabta da na saba tsana ta yi mini daɗi. Abin da zan ce wa mai tambaya shi ne, in kana da tsoho ko marar lafiya kuma hanyar kwalta ce, babbar motar Turai ta cancanci man da take sha. Burji da damina kuwa ba nata ba ne. Sannan shirun cikinta ba kowa zai iya da shi ba, don yana sa ka ji abin da hayaniya ke rufe maka.

Jiya zazzaɓi ya sauka, Baffa ya ci tuwo, hankalinsa garau. Yaya ya ce masa in an sallame shi zai sake aro motar ya mayar da shi gida. Baffa ya girgiza kai.

"Ka nemo wata, ɗan nan," ya ce. "Waccan in na sake shiga, ba na jin zan yarda in fito."