Kabarin da Ummu Ratib Take Sharewa

A ƙauyenmu na bayan garin Halil, a Falasɗinu, babu wanda bai san Zarifa ba, wadda ake kira Ummu Ratib. Inabi take nomawa, bakinta kuwa sai a hankali. Amma ba inabin ne ya sa aka san ta ba, kabarin ne.

Ɗanta Ratib bai cika ashirin ba aka harbe shi a shingen sojojin Isra'ila, suka tafi da gawar suka hana. Ranar nan mutanen gari suka haƙa kabari, ana cewa gobe ko jibi za a dawo da gawar. Ramin nan ya shekara goma baki buɗe. Duk Juma'a sai ta sauka ciki da tsintsiya ta share ganyen zaitun. Wallahi ko maza, in suka hango kanta yana ɓullowa daga ƙasa, sai tsigar jikinsu ta tashi.

Gaisuwa kuwa ta ƙi karɓa. A wajenmu sai an binne mamaci ake dafa gahawa marar sukari ta masu ta'aziyya. Duk wadda ta soma "Allah Ya jiƙan", sai ta tambaye ta wa ta ga an binne.

Da zarar rediyo ya ce an tsagaita wuta, sai ta wanke likkafanin da ta tanadar masa ta shanya. A tsagaita, a karya, ta ninke abinta. Ta ce manyan namu da na can duk bakinsu ɗaya. Mutum guda ta yarda da ita, wata Bayahudiya mai furfura da take gani a talabijin, rungume da hoton ɗanta soja wanda gawarsa ke hannun namu. "Waccan ba ta ƙarya," in ji ta. "Na san idon." Har addu'a take yi a ba matar ɗanta, maƙwabta suna zunɗenta.

Da aka yi musayar gawawwaki, motar asibiti ta iso da azahar, da sharaɗin a binne nan take, in ba haka ba a riƙe gawawwakin sauran mutane. Aka buɗe. Ga Ratib yadda ya fita gida, har askinsa, ya daskare a firjinsu kamar dutse. Ƙanensa Nayif, da ya bari a firamare, ya tsaya da gemunsa yana kallon wansa ya koma yaro.

"Umma, mutane na jira," ya ce a hankali.

Ta taɓa kumatun, ta janye hannu. Ta shiga ɗaki ta fito da bargo ta lulluɓe shi, ta zauna ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana murzawa.

"Tun yana goye ba ya son sanyi," ta ce. "Ku bari ya ji ɗumi tukuna."

Babu wanda ya iya ɗaga ta. Ruwa ya soma ɗiga daga gefen bargon.