Haƙoran Mai Begila

Yayana mai busa begila ne, kuma ban taɓa saninsa da wata sana'a ba. Ya fara da 'yan badujala, daga baya wata makarantar sakandare ta ɗauke shi yana koya wa ɗalibai kiɗan fareti, kowace safiya kuma shi ke busa idan za a ɗaga tuta. Gidansa na jingine da katangar makarantar. Da mijina ya rasu sai na tattaro keken ɗinkina na dawo wajensa. Shi ma matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa duk sun watse neman abinci, muka zauna mu biyu muna faɗa a kan gishirin miya da tashar rediyo. Ni ce auta a ɗakinmu, kuma har na yi furfura bai daina kirana Auta ba.

Ɗan gayu ne na ƙarshe. Farar rigar aikinsa da kansa yake goge ta, wai ni ina karya mata kwala. Begilar kuwa ko ƙurarta bai yarda in kakkaɓe ba. Tana da wani ɗan ƙarfe mai kama da mazurari, wanda ake ɗora wa leɓe a busa, ana cire shi a mayar. Wannan ɗan bakin a aljihun ƙirjinsa yake zama, ko kasuwa za shi.

Haƙoransa na gaba ba nasa ba ne, amma ba kowa ya sani ba. Yana saurayi, motar da ta ɗauko su daga wani wasa ta taka birki da ƙarfi yana tsakiyar busa wa abokansa, begilar ta daki bakinsa ta zubar da haƙora biyu na sama. Wani tsohon likitan haƙori ya yi masa abin da suke kira gada: ya fere lafiyayyun haƙora biyu da ke gefen giɓin, ya kifa wa kowanne hula, hulunan suka riƙe haƙoran ƙarya biyu a tsakiya, duka huɗun a haɗe. Aikin bai fita sumul ba, don ɗaya daga cikin na tsakiyan ya karkace ya shige ciki. Bayan haka sai da Yaya ya koyi busa daga farko kamar sabon shiga, ya sha wuya har ya kusa haƙura, kafin leɓensa ya samu wurin zama a kan sababbin haƙoran.

Na sha tsokanarsa. "Yaya, wanda ya yi maka aikin nan a duhu ya yi shi?"

"Ke dai ba ki san komai ba sai zare da allura," in ji shi. "A kan karkacen nan sautina yake zaune. Ranar da aka miƙe shi, na tashi daga aiki."

Ya yi fiye da shekara talatin a haka, kuma in faɗi gaskiya, busarsa tana da daɗi. Akwai wani dogon sauti a ƙarshe, daidai lokacin da tuta ke isa saman sanda. Yakan ja shi siriri, ba rawa ba gargada, har sai ka ji kamar kai ne numfashinka zai ƙare. Masu shaguna a layinmu da shi suke sanin lokacin buɗewa ya yi.

Ni na fara lura da canji. Mutumin da ke ɓare rake da haƙori, sai ga shi yana neman wuƙa. Burodi ma sai ya gutsura da hannu, ya tsoma a shayi, ya tura can gefen kumatu. Sai kuma warin. Ba na son faɗa, amma wari ne irin na tsumman wanke-wanke da aka bari a jiƙe, shi kuma yana ta taunar kanumfari don ya rufe shi. Idan na yi magana sai ya haɗe rai ya ce hancina ne ya tsufa.

Wata safiya na shiga ɗakinsa neman almakashina da ya ara bai dawo da shi ba. Na same shi gaban madubi, ya ɗaga leɓe, gadar ta saki ta gefe guda tana lilo. A hannunsa akwai tsinken ashana, yana lakato gam, irin wanda yake liƙa kayan busar ɗalibai da shi, yana turawa ƙarƙashin hular haƙorin.

"Yaya! Me nake gani haka? Gam a baki?"

Bai iya amsawa ba, don ya danne gadar da babban yatsa yana jira ta kama. Da ɗaya hannun ya yi mini alamar in fita. Ban fita ba. Da ya saki, abin da ya fara cewa shi ne, "Auta, ba ki iya sallama ba?"

"Sallamar me? Tun yaushe kake wannan ɗanyen aiki?"

"Tun bara waccan. Kuma ba ta ciwo, ko kaɗan."

"To ka je asibiti mana! Bakinka ne ko ƙafar kujera?"

"In je su cire ta, su sa mini sababbi santala-santala irin na masu tallar man goge baki? Sannan in busa da me? Na koya daga farko sau ɗaya, lokacin ina da ƙuruciya. Yanzu ba zan iya ba."

Na yi masa tatas ranar, na haɗa da kuka, na kira babban ɗansa a waya. Duk ya yi kunnen uwar shegu da mu. Taurin kai a gidanmu gado ne, amma Yaya ya kwashi kason mutum uku.

Abin da bakina ya kasa, kumburi ya yi shi. Ya wayi gari leɓensa na sama ya tasa har ya taɓa hanci, ga zazzaɓi yana kaɗa shi. Likitan haƙorin unguwa ya leƙa sau ɗaya, ya ba shi maganin kumburin, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya tura mu babban asibiti wajen ƙwararriya a kan irin wannan aiki.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta kwantar da kujerar da shi, ta jawo fitila, ta bi gefen hulunan da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa, ta ƙwanƙwasa nan, ta danna can. Ta sa aka ɗauki hoton haƙoran har da ƙashin, ta juyo mana da allon kwamfuta. Ni dai fari da baƙi kawai nake gani, sai da ta nuna da biro.

"Baba, ka ga wannan hular? Ta daɗe da buɗe baki a gefe. Yawu da abinci suna shiga ƙarƙashinta, buroshi ba ya kaiwa. Haƙorin da ke ciki ya ruɓe kamar katakon da gara ta ci. Ba ka ji ciwo ba saboda tun wancan aikin an kashe jijiyarsa. Gam ɗin da kake sawa bai gyara komai ba, rufe cutar ya yi a ciki. Na ɗaya gefen kuma shi kaɗai ya ɗauki nauyin gadar, ga dannar begila kullum, har saiwarsa ta tsage. Wannan baƙin da kake gani a sama, ƙashi ne da ciwon ya cinye."

Na ce, "Likita, da ya zo tun da ta fara motsi fa?"

Ta dube ni, ta dube shi. "Da aikin ya fi haka sauƙi," in ji ta, ba ta ƙara ba. Na so ta wanke shi tas, amma ta fi ni hankali.

Yaya bai tambayi zafi ba, bai tambayi tsawon jinya ba. Cewa ya yi, "Likita, zan sake busa?"

"Cin abinci da magana da murmushi, waɗannan za su dawo da yardar Allah. Busa kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Amma ina bakin begilar? Ina so in gan shi."

Ya zaro shi daga aljihu. Ta sa ya ɗora a leɓe, ta sunkuya tana duba inda yake zama. Sannan ta ce kafin ta taɓa gadar za ta ɗauki siffarta. Ta cika wani ɗan faranti da abu mai kama da kwaɓaɓɓen fulawa, ta danna masa a baki har ya daskare, ta ciro shi da hoton haƙoran a jiki. Ta ce sabuwar gadar a kan wannan siffar za a yi ta.

"Har karkacen?" in ji Yaya.

"Har karkacen, Baba. Bakinka ne, ba nawa ba."

Abin da ya shekara biyu yana gudu, har ya ruɓar da bakinsa a kai, ashe babu wanda zai tilasta masa shi. Tambaya ɗaya ce kawai bai yi ba. Na dube shi, na ga shi ma ya gane, don ya kawar da kai wajen taga. Ranar ban yi masa gori ba, kuma har yau ban yi ba.

Aikin ya ɗauki watanni. Ta yanka gadar ta cire, ta fitar da ruɓaɓɓun saiwoyin, ta wanke wurin, ta cike inda ƙashi ya zaizaye. Aka ba shi haƙoran roba na cirewa da sawa, aka hana shi busa ko da wasa. Da wurin ya warke ta dasa ƙananan ƙusoshin ƙarfe a cikin ƙashin, aka sake jira su kama.

Tun a makon farko shugaban makarantar ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, ya ce Yaya ya kwantar da hankalinsa, aikinsa na nan yana jiransa. Ya ce wani malami ya taɓa ɗaukar busarsa a waya kwanakin baya, da ita za su riƙa ɗaga tuta ta lasifika kafin ya dawo.

Washegari muna shan shayi sai ga busar ta tsallako katanga. Yaya ya ajiye kofi. Tasa ce, babu ko tantama, har yadda yake jan numfashi. Amma da ta kai dogon sautin nan na ƙarshe, sai ya yi rawa, ya tsinke a tsakiya, ya ƙarasa da kyar.

"Ran nan gam bai kama ba," in ji shi a hankali. "Gadar tana motsi a bakina nake busawa. Duk safiyoyin duniya, sai ita suka ɗauka." Sannan ya ce, "Ba komai. Ina warkewa zan sa su goge ta, in yi musu ta gaske."

Wannan maganar ce ta riƙe shi duk tsawon jinyar. Ya sha magani a kan lokaci, ya koyi wanke baki yadda aka nuna masa, bai taɓa saɓa ranar asibiti ba. Kowace safiya idan sautin ya tsinke sai ya ce, "Saura kaɗan."

Ranar da aka sa sabuwar gadar, likita ta miƙa masa madubi. Ga karkacen nan daram inda yake. Ta ce mai haɗa haƙoran sai da ya sake tambayarta, wai bai taɓa ganin an ce ya ɓata aiki da gangan ba. Muka yi dariya har da Yaya, bakinsa har kunne.

Da ta ba shi izini, ya goge begilar, ya tsaya a tsakar gida, ya ɗora ta a leɓe. Iska ce ta fito, da wani gurnani. Ya ce leɓen ne ya yi sanyi don daɗewa, zai dawo. Ya yi ta gwadawa, safe da yamma. Sautukan ƙasa suka dawo kaɗan-kaɗan, na sama suka ƙi. Haƙoran suna nan yadda suke a da, amma dasashin da ke samansu ya lotsa inda ƙashi ya tafi, leɓen ba ya samun abin jingina, ga tabon kumburin ya sa shi tauri.

Likitar nan ba ta yar da shi ba. Ta sa ya kawo begilar asibiti ya busa a gabanta, ma'aikata suna leƙowa. Ta cire gadar ta ƙara mata kauri ta sama, ta mayar, ta sake cirewa ta rage. A zuwanmu na ƙarshe ta zare safar hannunta ta zauna kusa da shi.

"Baba, iyakar abin da hannuna zai iya ke nan."

Idonta ya kawo ruwa, sai ga Yaya shi ke rarrashinta. "Haba 'yata, aikinki ba shi da laifi. Ginin ya yi kyau, ƙasar ce na bari ta zaizaye. Allah ya yi miki albarka."

Bayan 'yan kwanaki ya je ya ajiye aiki da kansa.

Yanzu yana cin nama, yana gatsar rake, har ya yi ƙiba. Mutane suna cewa ya koma saurayi, shi kuma yana yi musu murmushi da haƙoransa masu kyau. Begilar tana cikin akwatinta a saman kabad, amma ɗan bakin yana nan a aljihun ƙirjinsa. Makarantar ba ta ɗauki wani mai busa ba, lasifika ta ishe su. Kowace safiya yana zama da shayinsa, busar tana tsallako katanga, ina ganin leɓensa yana tsukewa yana bin ta. Idan ta kusa ƙarshe sai ya ɗaga haɓa kamar zai taimaka mata ta haye, ita kuma ta tsinke a inda ta saba tsinkewa. Abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai na ɓullo da dabara. Da na ji an kunna lasifika sai in hau keken ɗinki in yi ta taka shi da ƙarfi, ko babu abin da nake ɗinkawa. Na yi haka kwana biyu. A na uku ya leƙo ƙofar ɗakina da kofi a hannu.

"Auta, tsayar da keken nan."

"Yaya, me za ka ji a ciki? Bari in je in roƙe su su daina sa ta. Su nemo wata mana, ko ta waye."

"Kar ki je," in ji shi. "Bar mini ita. Ita kaɗai ta rage."

Na ɗauke ƙafata daga kan keken. Muka tsaya mu biyu muna saurare har sautin ya tsinke, sannan ya koma ya ƙarasa shayinsa.