Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda in rubuto muku ita. Lokacin da abin ya faro, ni matar aure ce a Wurno, sana'ata turara shinkafa in kai inji in sayar, kuma duk unguwarmu an san ni da kaifin baki da rashin barin ta kwana. Ni ce ɗiyar fari wurin Innarmu. Ita Bafulatana ce daga wajen Maikujera, aka auro ta gidan malamai. Babanmu yana karantarwa a zaure, amma da ruwan dam ya wadata aka shiga noman rani gadan-gadan, shi ma ya samu fili yana shinkafa da tafarnuwa. Ni ban tashi cikin wannan wadatar ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Maikujera, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ban dawo ba sai dab da aurena. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. In tana son aikena sai ta ce “ke”, ko ta dubi bango ta ce a ɗauko mata buta. Na san kunya ce, kowa ya san kunya ce, amma wallahi sanin bai taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne autarmu. Ita kam sunanta a bakin Inna yake tun safe har dare, har da na wasa da take ƙara mata. Ita aka yi wa kitso a cinya, ita aka sa boko har ta zama ma'aikaciyar jinya a Sakkwato. Da Baba ya rasu, ni da nake kusa ni na ɗauki Inna kacokan: tuwonta, wankinta, yanke mata farce, duk ni. Amma auta ta diro ƙarshen wata da ledar lemu da sabulu, sai ka ga fuskar Inna ta washe, su shige ɗaki su saki labule, ina tsakar gida ina fama da hayaƙin tukunya ina jiyo dariyarsu. Kai, na ci baƙin ciki. Wani lokaci har buga murfin tukunya nake yi da gangan don su san akwai mutum a waje.

Wata rana da hantsi ina baza shinkafa a tabarma, sai na ji an kira sunana, cikakke, da murya sake. Na waiga ina neman wace maƙwabciya ce ta shigo, sai na ga ba kowa sai Inna a bakin ƙofarta tana yafito ni. Ta ce in zo in zauna, ta kama hannuna tana jujjuyawa, ta ce wannan wane irin kaushi ne, ko mijina ba ya saya mini mai. Ta yi dariya har da tafi. Ni kuwa na lallaɓa bayan rumbu na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Daga ranar sai hira ta ɓarke tsakaninmu. Muna cin tuwo tare, tana ba ni labarin ƙuruciyarta a ruga, tana tsokanata. Na ce a raina, ashe Allah bai manta da ni ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ga sauran abubuwan da suka biyo. Ta fara zuba gishiri sau biyu a miya. Ta tsaya tsakiyar salla tana tambayata raka'a nawa ta yi. Mijina, wanda da ko inuwarsa ta hango sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, ta tare shi a zaure ta ce masa ya yi tumbi kamar randa. Ta zargi maƙwabciyarmu ta shekara da shekaru da sace mata ludayi, alhali yana cikin tulu inda ita da kanta ta jefa shi. Duk na gani da idona. Sai in bi baya ina ba mutane haƙuri, ina cewa tsufa ne, kowa ya kai nan haka zai yi.

Auta ce ta fara gano bakin zaren. Ta zo kamar kullum da ledarta, ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta juyo gare ni, ta kira sunana, ta tambaye ni wannan baƙuwar ta wane gida ce. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Auta ta ja ni bayan ɗaki, ta ce Yaya wannan ba tsufa ba ne. Ta ce akwai likitoci daga wani babban asibiti da ke zagaya garuruwa suna bincike kan cutar mantuwa ta tsofaffi. Suna yi wa tsoho tambayoyi, su ɗebi jininsa kaɗan suna neman wasu alamu da ke nuna ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa tun abin bai yi nisa ba, wasu kuma a kai su birni a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar. Ta ce ba su yi alkawarin warkarwa ba, amma suna auna hawan jini da sikari da wasu cututtuka masu kama da mantuwa waɗanda suke jin magani. Ta ce dole sai da wanda ke zaune da tsohon, domin shi ya san yadda abin ya faro, wato ni.

Na dube ta na ce to, sannu likita. Na ce shekara nawa tana cin duniyarta da tsinke a ɗakin Inna ban ce uffan ba, yau don Inna ta waiwayo ni shi ne za a kira shi ciwo? Na tambaye ta mi ya hana ta kawo masu binciken lokacin da sunanta kaɗai ake kira a gidan. Ta yi ta rantsuwa tana hawaye, na bar ta nan tsaye. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce tsoro nake ji. Tsoron kada a ba Inna wani magani ta dawo yadda take da, ta koma ce mini “ke”, su sake sakin labulensu.

Ban tsaya nan ba. Na tafi wurin Kawunmu, ƙanen Baba, wanda maganarsa ce yanke a zuriyarmu. Na ce masa ana so a kwashi jinin Inna a kai inda ba mu sani ba, kuma a rubuta mata hauka, mu da muke da 'yan mata a gaba, wa zai nemi aure a gidan da aka ce tsohuwarsu ta taɓu? Kawu ya ja carbinsa, sannan ya ce a bar baiwar Allah ta huta, a ci gaba da rubutu da addu'a. Makon da masu binciken suka sauka a asibitin garinmu, na sa Inna a mota muka tafi Rimawa wurin wata 'yar'uwarmu, na ce za mu taya su aikin albasa. Auta ta taso tun daga Sakkwato ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Daga nan tsakanina da ita sai gaisuwa, ita ma sama-sama.

Damina ta zo ta wuce, aka sake shiga noman rani, wata daminar ta sake zagayowa ta wuce. Hirar da nake taƙama da ita ta fara tsinkewa, labari ɗaya sai Inna ta maimaita shi har in gaji. Rannan da rana tsaka na fita kai shinkafa inji, na dawo ba Inna ba alamarta. Muna cikin cigiya sai ga wasu masu ban ruwa sun kawo ta a amalanke, jiƙe sharkaf tana kakkarwa. A cikin babbar hanyar ruwan da ke ratsa gonaki suka same ta, ruwa har ƙugu, ranar kuwa an sako shi da ƙarfi. Sun ce ta riƙe ƙwaryar fura a ka da hannu biyu, ta ƙi saki ko da suna jawo ta, tana ce musu gulbi za ta ƙetare ta je Maikujera. Ranar ni da kaina na kira auta ina kuka, muka shirya kai Inna wurin likitocin.

A Sakkwato wata likita ce cikin masu binciken ta zauna da mu, mace mai sanyin magana. Ta tambaye ni mi na fara gani wanda ba halin Inna ba. Na ce gishiri, na ce salla. Ta ce kafin nan fa? Na ce mata ranar da Inna ta kira sunana. Ta ajiye alƙalami ta tambaye ni ko ni ce ta fari, na ce e. Ta ce ita ma mahaifiyarta har gobe ba ta faɗin sunan babban wansu, don haka ta san nauyin abin. Ta bayyana mana cewa wani lokaci cutar ba da mantuwar abubuwa take farawa ba, da canjin hali take farawa, mutum ya saki abin da ya riƙe duk rayuwarsa. Sai ta tambaye ni, a hankali, ko ina jin ranar Inna ta san wa take kira.

An ɗebi jinin, an ɗauki hoton, bayan ni da Kawu mun amince a madadinta, don ita ta wuce inda za a tambaye ta ra'ayinta. Aka tarar jininta ya daɗe da hawa ba wanda ya sani, kuma hoton ya nuna ya yi ɓarna a wurare, bayan ita cutar da suke zato. Likitar ba ta zarge ni ba. Ta ce ba ta da maganin da zai dawo da abin da ya tafi, kuma ba za ta iya rantsuwa a kan abin da zai faru da an zo da wuri ba, amma hawan jinin kam da an tare shi, kuma da sun koya mana yadda ake tsare irin su daga fita su kaɗai. Auta dai ta miƙo mini gefen mayafinta in share fuska, kuma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan mun dawo gida, wata la'asar ina ɓare tafarnuwa Inna na gefena, sai ta kira sunana ta tambaye ni ko ina zuwa wajen Maikujera. Na ce ina zuwa. Ta matso ta rage murya, ta ce tana da yarinya a can wurin tsohuwarta, tun da aka yaye ta aka ɗauke. Ta ce ranar kasuwa takan tsaya nesa ta hango ta tana wasa, ba ta iya matsawa don kada a ce ba ta da kunya, sai dai ta ba wani fura ya kai mata a ce daga maƙwabta. Ta ce yarinyar ba ta son nono mai tsami, in na je in gaya musu. Ni ce ba na son nono mai tsami, har yau. Na daure na tambaye ta mi ne ne sunan yarinyar, don in gane ta. Sai Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai, ta ce haba, ana faɗi? Da na ba auta labari, ta ce ai duk shigar da suke yi ɗaki suna sakin labule, rabin hirar tawa ce: ko na ci abinci, ko mijina yana kyautata mini, mi ya sa na rame. Ta ce dariyar da nake jiyowa, yawanci kwaikwayon masifata Inna take yi tana jin daɗi.

Yanzu ni da auta muna karɓa-karɓa wajen jinya, kuma duk lokacin da masu binciken suka neme mu, ni ke riga kowa shiri, ko ba zai amfani Inna ba ya amfani uwar wani. Abin da nake roƙon masu karatu shi ne, in tsohonku ya canza hali dare ɗaya, ko da canjin ya yi muku daɗi, ko da abin da kuka shekara kuna roƙon Allah ne, ku kai shi a duba. Kada ku bari jin haushin ɗan'uwa ya yanke muku shawara a kan lafiyar iyaye, kuma kada ku ɗauka wanda bai faɗa ba bai ji ba. Inna tana nan da rai. Tana kiran sunana ba adadi a yini, ina amsawa, tana yi mini godiya irin wadda ake yi wa maƙwabciyar kirki. Ni kuwa kullum na idar da salla, roƙona bai wuce Allah Ya nuna mini rana ɗaya ba, ko da ɗaya ce, da zan shigo da tuwo ta ɗago ta gan ni, ta kau da kai ta dubi bango, ta ce “ke, ajiye nan.”