Ɗamarar da Na Ɗinka wa Vandi

Vandi ɗan Michika ne, amma a Mubi ya yi ƙarfinsa, a nan kuma aka binne shi cikin daminar 1984. Ni tela ne, shagona yana bakin tasha. Shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Aikinsa loda shanu a mota. Kullum kafin ya tafi kasuwa sai ya ɗaga ƙarfensa a bayan shagona, aksul ɗin tsohuwar Landiroba, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, da gwangwanin fenti biyu cike da siminti. Sau talatin zuwa ƙirji, sau ashirin sama da kai, ni ina ƙirga masa da allura a baki. In ya gama sai ya ce, "Tela, zo ka taɓa mana." In ce masa almakashi ma ya ishe ni nauyi.

Wata safiya ya ajiye ƙarfen a na sha biyu, ya ja ni cikin shago. Ƙaba ce ta fito masa a ƙasan mara, ta kai ƙwan agwagwa. Na ce mu je asibiti.

"Su yanka ni, gobe 'yan tasha su yi mini waƙar mai gwaiwa? Ka san bakinsu."

Na san bakinsu. Da wannan waƙar suka kori wani tsoho mai tura amalanke daga tasha.

"Ɗinka mini abin da zai riƙe ta, ɗan'uwa. Bayan damina sai mu je."

Na ɗinka. Tamfol ninki uku da maɗauri na fata. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau kamarsa ba. Kowace safiya ni nake tura abin ciki da tafin hannuna in ɗaure masa, yana cije leɓe.

Rannan direbobi suka yi baƙo daga Yola, suna so ya ga abin da Mubi take da shi. Akwai injin Fijo da aka sauke a gefen gareji. Ba wanda yake bukatar a motsa shi, makanikin ma gyaɗa yake ci a kai. Suka kira Vandi ya ɗaga shi.

"Yau jikina ba daɗi," in ji shi.

"Ashe giwa tana komawa akuya," wani direba ya ce. Aka kwashe da dariya.

Vandi ya waiwayo ya dube ni. Maimakon in riƙe hannunsa, sai na tashi daga kan keken ɗinki na ƙara matse masa ɗamarar.

Ya ɗaga har gwiwa. Baƙon ya tafa sau biyu, ya duba agogonsa, ya tambayi inda ake sayar da tsire. Vandi ya ajiye injin, ya yi murmushi, ya zagaya bayan shagona ya fara amai. Sai da ya kwana biyu a haka kafin ya yarda a kai shi asibiti. Likita ya ce hanjin ya riga ya ruɓe.

Ranar zaman makoki direbobin suka cika ƙofar gida suna gardama ko injin ya kai nauyin buhu uku. Wanda ya kira shi akuya ya matso kusa da ni, bakinsa ja da goro, ya ce a hankali, "Tela, akwai laya a ɗamarar nan, ko? Ɗinka mini irinta."

Na shiga ciki wurin yayarsa Liyatu, wadda ta zo daga Michika, na durƙusa na faɗa mata komai, har da hannuna a ciki.

"Ya sha wahala sosai?" ta tambaya.

Na ce, "Sosai, Yaya."