Zaren da Ya Tsinke a Jirgin Wasa

Shekarun baya kaɗan, shekarar da na gama sakandare, wani abu ya same ni a Fatakwal wanda har yau in zan ba da labarinsa sai na ji hannuna ya tafi wuyana da kansa. Jiya wata ta tambaye ni a wannan dandalin me ya sa na daina sa dogon hijabi, shi ne na ce bari in faɗa sau ɗaya in huta.

A unguwar Rumuokoro ta Fatakwal aka haife mu. Baba yana sayar da albasa a kasuwa, Umma tana ɗinki a gida. Babbar Sallar wannan shekarar ita ta ɗinka mana hijabai ni da yayata, irin dogayen nan masu sharar ƙasa da ake yayi. Na yayata ta gama shi a keke tsaf. Ana zuwa kan nawa bel ɗin keken ya tsinke, ga shi ranar jajibiri, sai ta ƙarasa ɗinkin ƙarƙashin haɓa da allura da zare, layi ɗaya tal. Na yi ta kumbure-kumbure.

Na ce, "Umma, wannan ai ko atishawa na yi ɓallewa zai yi."

Ta ce, "To kar ki yi atishawar. Bayan Sallah na maimaita miki a keke."

Kwana biyu da Sallah ni da yayata muka tafi wani wurin wasa da aka kawo sabon abu. Jirgi ne mai kujeru bibbiyu, yana gudu a kan dogon ƙarfe, ya hau sama, ya gangaro, ya karkace. Kafin ya tashi sai a ɗaura maka wani tabarau mai kama da ƙaramin akwati. Da zarar ya rufe idonka ka rabu da duniyar nan, sai abin da aka zuba a ciki kake gani. Ni ce na matsa sai mun hau. Tun a layi nake cika baki, ina cewa ni 'yar Fatakwal ce, wadda ta saba da direbobin bas ɗin garin nan wane jirgi ne zai ba ta tsoro.

Da layi ya zo kanmu muka zaɓi kujerar ƙarshe, don ba ma so maza su zauna a bayanmu. Wani saurayi ma'aikacin wurin ya sauko mana da ƙarfen da ke danne kafaɗa, ya ɗaura mana tabarau, maɗaurin ya bi ta kan hijabina ya matse a ƙeya. Kafin in jawo shi kan idona sai na ga ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce da turancin buroka, "Anti, abeg, wannan mayafin naki ya yi tsawo, bari in tattare miki shi." Ya miƙo hannu wajen cinyata.

Na zabura na ce kar ya taɓa ni. Yayata ma ta hau shi da faɗa, ta ce, "Malam, yi aikinka, mu ba a taɓa mu." Ya ɗaga hannuwansa sama ya ja baya, ya ce to in tattare da kaina. Na tattaro gaban na cusa tsakanin gwiwoyina. Bayan kuwa, da yake ƙarfe ya riga ya danne ni, ban iya juyawa na duba ba. Na ɗauka a kansa nake zaune.

Jirgi ya tashi. A cikin tabarau sai na gan ni a bayan wani ƙaton tsuntsu, muna haurawa saman duwatsu, ga teku can ƙasa. Wallahi da farko na ji daɗi. Ina jin yayata tana salati tana dariya a lokaci ɗaya. Tsuntsun ya kifa kai ya nufi ruwa, jirgin ma ya gangaro, kowa ya saki ihu.

Daidai lokacin da muka faɗa cikin ruwan nan na ƙarya, wani abu ya fizgi kaina baya. Numfashina ya tsaya. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, kai, mutanen nan sun iya, har shaƙewar ruwa sun sa a ciki. Sai da na ji ƙeyata ta daki kujera, na ji ɗinkin haɓa ya zame ya shige maƙogwarona yana ƙara ɗaurewa, sannan na gane hijabina ne ake ja ta baya. Da babu maɗaurin tabarau da ya zame daga kaina ya tafi. Maɗaurin ya riƙe shi gam.

Na buɗe baki, babu murya. Ko da akwai, wa zai ji? Wuri ne da kowa ihu yake yi, kuma don ihun aka zo. Idona a buɗe, amma kifaye masu launi nake gani suna wucewa a hankali. Na kai hannun hagu wuyana, yatsa ɗaya ma ya ƙi shiga. Da na dama kuma na lalubo hannun yayata, na kafa mata farce iya ƙarfina.

Ita ma ba ta ganin komai. Sai ta fashe da dariya, ta kama hannun nawa ta danne shi a kan ƙarfe, ta ɗaga murya ta ce, "Matsoraciya! Ina cika bakin? Riƙe ni da kyau, 'yar Fatakwal!"

Na yi ta fizga, tana ƙara riƙewa. Kifayen suka fara yin baƙi daga gefe. Na so in yi kalmar shahada, harshena ya cika bakina. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne Umma na can tana soya nama, ba ta sani ba.

Sai na ji ɓarrr a ƙarƙashin haɓata. Zaren ya tsinke, yadin ya yage har ƙirji, tabarau ya yi sama, hijabi ya bi iska. Haske ya dake ni. Na ga sararin Fatakwal da hadarinsa, na ga bayan kawunan mutane, na ja iska da wata irin ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba.

Da jirgi ya tsaya yayata ta cire tabarau tana dariya, ta juyo za ta ci gaba da tsokanata. Ban taɓa mance yadda fuskarta ta koma ba. Kaina a buɗe, kitsona a waje a gaban jama'a, wuyana ya yi zobe ja yana tsattsafo da jini. Wata mata 'yar garin da ke layi ta kwance zanenta na sama ta rufa mini, tana shafa bayana tana cewa, "Yi numfashi, 'yata, yi numfashi." Saurayin nan ya ɗora hannu a ka yana kuka, yana cewa ai ya faɗa mana. Kuma ya faɗa ɗin. Da suka ciro hijabin daga jikin tayar baya, ya nannaɗe ya zama igiya, baƙi ƙirin da man inji.

A asibiti Umma ta same mu. Ta karɓi ragowar hijabin ta juya shi, ta bi wurin da zaren ya ɓalle da yatsa.  Can ta ce, "Da safen nan aka gyara keken. Na ɗauko hijabin zan maimaita ɗinkin, baƙi suka yi sallama." Sai ta zauna a ƙasa, a nan kan siminti.

Na daɗe ba na iya haɗiyar komai sai kunu. Muryata ta dawo, amma da 'yar dishewa da ba ta tafi ba har yau. Babu wanda na riƙe a raina. Da za a maimaita ranar ma ba zan bari ya taɓa ni ba, sai dai zan ce ya ɗaga ƙarfen in tashi in tattare kayana da kyau, ko layi zai zage ni. Yanzu hijabina iya gwiwa ne. In na ga yarinya a kan acaɓa ko a bakin keke napep, hijabinta yana lilo kusa da taya, sai na tsayar da ita, ko ban san ta ba. Wasu su gode, wasu su harare ni.

Yayata ta yi aure, tana Enugu. Tabon farcena yana nan a bayan hannunta. Muna waya kullum, muna dariyar komai, amma wannan ranar ba mu taɓa tayar da ita ba. Da na je wurinta bara, za mu tsallaka titi, ta kama hannuna kamar yadda take yi tun muna yara. Na ɗan motsa yatsuna kawai, don in gyara jakata. Nan take ta sake ni, ta tsaya a tsakiyar titi tana duba wuyana.