Goɗiyar Isawan

Shekarar da aka yi husufin rana da hantsi, har kaji suka koma akurki, ita ce shekarar da doki ya shigo gidanmu a Kona. Kafin nan jaki gare mu. Babana, Allah ya jiƙansa, ya tafi Isawan sayen tunkiya, ya dawo da goɗiya. Inna ta tambaye shi ina tunkiyar, ya ce ta yi tsada.

Wani Bafillace ne ya ba shi ita, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu bayan girbi. Bai karɓi komai ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: goɗiya tamu ce da duk namijin da ta haifa, amma 'ya mace ta farko tasa ce. Suka yi fatiha a kai.

Goɗiyar kuwa ba ta haihuwa sai maza. Na farin ya ci sukuwa a Tasawa, na biyun ya ci a Maradi, wani Alhaji daga Katsina ya saye shi tun gumi bai bushe masa ba. Da kuɗinsu aka yi rufin kwano, aka gina barga, aka ƙara gonar wake don harawa. Mu yara mun san dokin gidanmu yana cin gero kafin mu ci, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce abin bai dace ba.

Kowace kaka Bafillacen yakan sauka, ya leƙa barga, ya duba ƙarƙashin sabon ɗan duƙushi, ya ga namiji, ya miƙe. Yakan ce Baba ya yi wa goɗiyar rubutun sha ne. Baba yakan ce da ya iya irin wannan rubutu, da ya fara da Inna, don mu mata mun fi yawa a ɗakinta. Sau da yawa Baba ya miƙa masa namiji a madadi, ya ƙi. Ya ce mace suka yi.

Sai da goɗiyar ta tsufa, bayanta ya lotsa, sannan ta haifi mace. Ba ta kai ga yaye ta ba ta mutu. Da nonon akuya muka ƙarasa renon. A lokacin Bafillacen ya daina zuwa, ƙafa ta hana shi. Barga cike da maza, mace guda ce, in ta fita jinin dawakin gidanmu ya ƙare.

Yayana, wanda shi ke hawa a sukuwa, ya ce a bari ta haihu ko sau ɗaya, tsoho ba zai sani ba. Baba yana gyara mata ragama, bai ɗago ba. Ya ce in ta haihu a nan, 'yar ma tasa ce, bashi ya zama biyu.

Muka ja ta zuwa Isawan, ni da Baba, a ƙasa, don ya ce ba a ɗora ta a mota. Mun tarar da tsohon a gindin gawo, idonsa ya yi rauni. Ya shafa wuyanta, ya bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakinta.

"Kaɗo, ka ramar da ita," in ji shi.

"Marainiya ce, Fillo."

"Uwar fa?"

"Ta riga mu."

Tsohon ya tambaya ko akwai wata mace a barga. Baba ya ce babu. Tsohon ya ce to Allah ya ba shi wata. Na yi zaton zai ce mu koma da ita. Sai ya kira jikarsa ta ɗaure ta kusa da maruƙa, aka kawo mana nono. Baba ya sha, ya kwance ragamarmu daga kanta, ya naɗe ta a hannu, suka yi fatiha.