Bakin da Ya Ci Shinkafar Genta

Mitsue ta tsufa a kan doguwar kujerar gidan wankan garinsu, tana tsawata wa masu faɗawa ruwan zafi da sabulu a jiki. Babu tumbi ko tabon da ba ta sani ba a wannan gari na masunta, kuma ba a taɓa jin sirrin kowa daga bakinta ba. Sai ga shi ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya ya tuɓe ta a bainar jama'a.

Shuzo ke nan. Ita ta raine shi bayan bom ya cinye iyayensu da gidansu. Ya tafi Tokyo da takalmin aro, ya yi karatu har ya zama malamin jami'a mai tonon waƙoƙin mutanen da. Da a nan ya tsaya da an zauna lafiya. Amma sai ya kama rubuta labarai, irin na marubutan zamaninsa da suke ganin duk wanda bai tona asirin gidansu ba bai yi rubutu ba. Littafinsa na uku ya ci lamba, aka buga hotonsa a jarida ya sha kwat.

A cikin littafin akwai wata yarinya a shekarar yunwa, bayan an gama yaƙi, wadda daga baya ta zama mai gidan wanka. Kowane wata takan laɓe a maƙabarta har wata uwa ta ajiye curin shinkafa a kabarin ɗanta soja. Uwar na juya baya sai yarinyar ta wawure, ta tsuguna bayan dutse ta cinye ita kaɗai, ko loma ba ta rage wa ƙaninta. Abin takaicin, Mitsue ce yarinyar, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ashe yana biye da ita yana kallo.

Ta kira shi a waya.

"Yaya, ai na canja miki suna," in ji shi.

"Ka canja suna! Kai Farfesa, gidan wanka guda nawa ne a garin nan?"

"Ba zarginki na yi ba. Yunwa na rubuta. Adabi gaskiya yake so."

"To ka ci adabin. Da na sani da a teku na jefa ka tun kana majina."

Tsegumin matan gari bai dame ta sosai ba, don wa ya fita daga shekarar nan da hannu mai tsabta? Gwaggo Ine ce damuwarta, uwar sojan. Ɗanta Genta bai dawo daga yaƙi ba, akwati aka kawo mata babu ko ƙashi a ciki. Abu ɗaya ya riƙe matar nan a duniya. Duk wanda ya zauna kusa da ita a ruwan zafi sai ta gaya masa: "Genta ya samo hanyar gida. A shekarar nan duk abin da na kai masa sai ya cinye, har ganyen naɗin yakan ninke mini." Mitsue ce take ninke ganyen. Shekara da shekaru tana jin wannan magana daga kan kujerarta, tana sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a ƙasa.

Ta lallashi kanta da cewa idon tsohuwar ya mutu, ba za ta karanta ba. Sai gidan rediyo ya fara karanta littafin kowace safiya, kuma Gwaggo Ine ba ta rabuwa da rediyo.

Tsohuwar ta daina zuwa wanka. Mitsue ta sha ɗaura niyyar zuwa gidanta, ta kai bakin lungu, kunya ta juyo da ita. Me za ta ce? Satar shinkafa ana yafewa, amma ita ta sa matar nan ta yi rabin rayuwarta tana murna da ƙarya.

Wata hantsi, kafin a buɗe gidan wankan, ta ji sanda tana ƙwanƙwasa dakali. Gwaggo Ine ce, da ƙunshi a hannu. Mitsue ta zube, goshinta a ƙasa.

"Tashi, 'yar nan, ba na ganin durƙuso," in ji tsohuwar. "Ashe bai ci ba."

"Bai ci ba, Gwaggo."

"Ko sau ɗaya?"

Mitsue ta so ta yi mata ƙarya. Bakinta ya ƙi.

Tsohuwar ta kwance ƙunshin, ga curin shinkafa naɗe a ganye, da ɗuminsa. "Ungo. Ci a gabana."

"Gwaggo, ki rufa mini asiri."

"Wane asiri kuma ya rage miki? Na dafa, na dafa, ban taɓa jin ana taunawa ba. Matso kusa da kunnena."

Ta ci. Tana ci da hawaye da majina, tsohuwar ta ɗora tafin hannu a kumatunta tana jin motsin muƙamuƙi. Da ta gama, Gwaggo Ine ta ce, "Gishirin ya yi yawa ko? Haka yake so."

Daga ranar, kowane wata sai ta zo da ƙunshinta, kuma ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Mitsue ba ta taɓa haɗiyewa da daɗi ba, ba ta kuma taɓa ƙin ci ba, har tsohuwar ta rasu.

Shuzo ya ci gaba da rubutu, ya tara lambobi, har gari ya kafa masa dutsen tunawa a bakin teku. Yayarsa ba ta je bikin ba. Yanzu ita take kai curin shinkafa kabarin Genta. Takan ajiye ta koma nesa ta jira, ko wani mai yunwa zai zo ya ɗauka. Amma ƙasar ta ƙoshi. Washegari takan tarar da shi yadda ta bar shi, ya bushe, ta naɗe ta koma da shi gida.